Hannun Yayana Mai Yatsu Uku

Ga Allah muke, kuma yayana ya riga ni komawa gare Shi. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, a farkon daminar nan, aka kai shi bayan an sauko daga masallaci. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce wa mai rubutun kada ta gyara mini magana, ko da a inda maganar ba ta yi mini kyau ba.

Mutane sun zo. Daga Dandume an zo, daga Danja an zo, wasu daga cikin Funtua. Babban ɗansa ya ba ni labarin wani tsoho da ya sauko daga babur da ƙyar, bai gaisa da kowa ba sai da ya tambayi inda tsohon injin matsar rake yake. Aka nuna masa, ga shi can bayan rumbu ya yi tsatsa. Ya je ya dafa shi ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya yi gaisuwa. Wani kuma ya ce tun da yayana ya bar tsayuwa a bakin kasko bai ƙara cin mazarƙwailar da ba ta ƙauri ba. Har aka ɗan yi dariya a wurin makoki, don masu dafawar yanzu suna zaune a kan tabarmar.

Mu mata a ɗakinsa muka zauna. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ni ce babba a cikin gida. A ɗakin nan akwai wata doguwar takarda mai kauri, ta kai kamu goma, rataye da zare daga wannan kusurwa zuwa waccan. Jikarsa ce ta zana, 'yar babban ɗansa, wadda ta karanci zane a Zariya. Babu fuskar kowa a jiki. Hannuwa ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, wani ruwan zuma, wani ja, wani baƙi. Duk matar da ta shigo, in ta gama "ya haƙuri", sai idonta ya bi takardar. In sun zo tsakiya sai ka ji, "Allah sarki, ga hannun Baba." Yatsu uku ne, ba ya ɓoyuwa. Wasu a nan ne kukansu na gaske yake farawa.

Ƙarshen takardar a naɗe yake, an ɗaure da ɗan zare. Na sha ganinsa haka ban taɓa damuwa ba. Rana ta biyu wata maƙwabciyarmu, wadda tun muna 'yan mata ba ta iya ganin abu a rufe, ta miƙe ta kwance zaren. Sai ga hannun mace, baƙi, ya fito daga ƙarƙashin mayafi yana miƙa gutsuren mazarƙwaila. A bayan hannun akwai tabon ƙuna mai lanƙwasa kamar lauje. Ta dubi takarda, ta dubi cinyata inda na ɗora hannu.

"Ikon Allah," ta ce. "Gwaggo, ai wannan naki ne."

Kowa a ɗakin ya san ciwon suga ne ya ci ƙafar yayana, shi ne kuma ajalinsa. Kowa ya san shekara huɗu ke nan da likita ya hana shi zaƙi. Matar babban ɗan nasa, uwar mai zanen, wadda ta yi jinyarsa, ta tashi ta tattara kofuna ta fita, alhali ba a gama shan ruwan ba. Ni kuwa na ja mayafi na rufe hannuna, abin da ban taɓa yi ba tun da na samu tabon nan.

Ku bari in gaya muku ko shi wane ne, kafin ku yanke mini hukunci.

Cikin bakwai da innarmu ta haifa mu biyu muka tsufa, shi na fari, ni ta ƙarshe. Bai taɓa kiran sunana ba. Auta yake ce mini, har na yi furfura, har haƙorana suka fara zuba. Sana'arsa mazarƙwaila, gadon babanmu. In an gama kaka rake ya nuna, sai a kafa inji a bakin fadama: ƙarafa masu juyawa, da dogon itace a sama, a ɗaura wa doki ya yi ta zagaye. Mutum ɗaya na cusa rake, ruwan na zuba a garwa, a juye a babban kasko, a hura wuta da busasshen ɓawon raken da aka matse jiya. Sai a yi ta kwashe kumfa. Inda aikin yake shi ne sanin lokacin saukewa. Ka yi sauri, ba za ta daskare ba. Ka yi jinkiri kaɗan, ta yi ƙauri. Yayana ba ya duban kasko, kunne yake karkatawa. Yana cewa in ta kusa, tafasar takan canza murya, ta bar surutun yara ta koma tarin tsoho. Da ya ji tarin nan sai ya tsoma tsinke, ya ɗiga a harshe, ya ce, "A sauke." A zuba a ƙananan tasoshi, a jera a inuwa. Ƙanzon kasko kuwa bai taɓa yarda an sayar ba. Na matan da suka zo da goyo ne.

Yana saurayi injin ya karɓi yatsunsa biyu na dama, manuni da na tsakiya. Wata babbar motar auduga ce ta danna hon a hanya, dokin ya zabura, shi kuwa hannunsa na bakin ƙarfe. Ina wurin, na kai musu fura. Shi bai yi ihu ba, ni na yi masa. Babanmu ya rantse kasuwa mai zuwa sai ya rabu da dokin. Yayana yana kwance, hannu naɗe da tsumma, ya ce, "Baba, shi ma tsorata shi aka yi." A gidanmu dokin nan ya tsufa ya mutu, kuma da wannan hannun yake ba shi dusa. A zaman tahiya da yatsan zobe yake nuni. Yara kan yi ta leƙensa a sahu, in an sallame ya miƙa musu hannun su ƙirga.

Ba mai yawan magana ba ne. In aka kawo masa ƙarar wani, tambayarsa ɗaya ce: "Kun ji ta bakinsa?" In ana gardama a kan abu, ko miya ce ko sabon limami, sai ya ce, "A ɗanɗana tukuna." Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce ta auri mutumin da hankalinsa duk a harshe yake.

Ni kuma sana'ata alewa, da nakiya da alkaki na gara. Ba yabon kai ba ne, daga nan har Malumfashi akwai gidajen da ba a kai amarya sai da kwanona. Tabon nan na hannuna ruwan alewa ne ya fallatsar mini, shekarar da na haifi ɗiyata ta biyu. Kowace shekara kaskon farko da yayana ya sauke, ba ya kai shi kasuwa, gidana yake aikowa. A kan wannan muka yi faɗanmu guda ɗaya na duniya.

Farin suga ne ya cika kasuwa, iyayen amare suka fara cewa alewata ta yi duhu, su fara suke so. Sai na koma sayen farin suga. Shekarar nan da aka kawo mini kaskon farko, na ce a mayar masa, ba ni da wurin ajiya. Da ƙafarsa ya zo.

"Auta, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba, Yaya. Mutane ne fara suke so."

Ya ɗebi farin sugan a tafinsa ya shinshina. "Wannan ba ya ƙanshin ko'ina. In kika ci tawa kin san fadamar da ta fito. Shi wannan ɗan wane gari ne?"

"Ɗan garin da ake saye ne," na ce masa.

Ya kakkaɓe hannu ya tafi. Shekara biyu bai taka gidana ba, ni ma girman kai ya hana ni zuwa. Sai da mijina ya rasu ya zo ya zauna kwana bakwai a ƙofar gida. Da na fita takaba na dawo gidanmu da zama, ranar farko na tarar da kwanon mazarƙwaila a bakin ɗakina, an rufe da faifai. Na ci gaba da alewata da farin suga, ya sani, yana ci gaba da ajiye mini kwanon.

Abin da ya ba ni mamaki, shi ma farin sugan bai bar shi ba. Da ƙarfi ya ja baya, 'ya'yansa suka kawo inji mai shan mai, aka daina doki, aka daina jiran kunnensa. Sai ya koma zaman teburin mai shayi a bakin tasha. Mutumin da ya tambayi garin farin suga ya dawo yana jefa ƙwaya biyar a kofi ɗaya. Ga lemon kwalba, duk suna duk ɗaurin aure sai an dire wa tsoho guda don girmamawa.

Ni na fara gane ciwonsa, kafin likita. Mai alewa ba ta da abokin gaba kamar kiyashi, don haka na san halinsu sarai. Wata safiya ina shara na ga sun yi layi zuwa makwararar bayan ɗakinsa, inda yake kama ruwa. Kiyashi ba sa bin fitsari sai da dalili. Na kira babban ɗansa na ce ya kai ubansa asibiti a Funtua. Aka auna, aka ce suga ne, ya hau sosai. Ku lura, ni ce na tona ciwon.

Matar ɗansa ta karɓi jinyar, kuma in faɗi gaskiya, 'yar halak ce. Tuwon alkama da ludayi ɗaya, acca, zogale, shayi ba suga. Ko dabino aka kawo masa tsaraba sai ta karɓe. Ciwon ya lafa, amma yayana ya yi shiru. Mutumin da dama maganarsa kaɗan ce, sai ya koma gaisuwa kawai. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi ta kallon tafinsa.

Wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, shi ƙafa ta fara hana shi, ina wucewa ya kira ni.

"Auta, yaran nan sun sauke kasko jiya. Na jiyo ƙanshin daga nan, raina bai kwanta ba. Samo mini ɗan gutsure in ji ko sun ƙona."

"Likita fa, Yaya?"

"Ba ci zan yi ba. Aiki zan duba."

Na kawo masa kamar kan ɗan yatsa. Ya ɗora a harshe ya rufe ido. Can ya ce, "Sun yi jinkiri. Ki gaya musu su janye wuta da ta fara tari." Ranar nan ya yi hira har la'asar. Ya tuno mini da waƙar da innarmu ke yi in tana daka, ya yi dariya har da hawaye. Na ga yayana ya dawo. Juma'a ta zagayo ya sake dubana, na sake kawowa. Da lokacin rake ya wuce sai ya ce zai duba ko ta ajiyu. Gutsuren kuma ya riƙa girma a hannuna, ban san yadda aka yi ba.

Daga baya gyambo ya fito masa a ɗan yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Aka cire yatsan. Bayan wata shida aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na tsorata na daina, wata biyu cur. In na shiga gaishe shi sai ya juya fuska bango. Ranar da ya ce mini "sannu Hajiya", kamar wata baƙuwa, a madadin Auta, na koma ɗaki na kwance ƙullin mazarƙwailar. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba.

Ranin da ya wuce ne jikar tasa ta dawo daga Zariya da naɗin takardar nan a kafaɗa. Tun tana ƙarama amaryarsa yake ce mata, irin wasan kaka da jika.

"Amarya, wannan tabarmar takarda fa? Lefen da na yi miki ne bai isa ba?"

"Wa zai auri tsoho mai ƙafa ɗaya? Labarin suga na zo zanawa, tun daga farko, kai ne littafina."

"To littafin yana da sharaɗi. Ban da fuskar kowa. Kuma wayar nan taki kada ta kalle ni."

Haka yake, bai yarda da hoto ba. In ban da na jikin katin gwamnati, wanda shi kansa ya ce ba shi ba ne, babu hotonsa a duniya. Ta ce ta ji, hannuwa za ta zana. Ta fito da kwalaben fentinta. Ya shinshina ɗaya ya ture.

"Labarin rake da ruwan kanti? Je ki fadama ki ce su cika miki kwano da ruwan rake."

Aka hura ɗan murhu a ƙofar ɗakinsa. Tana juyawa, shi yana karkata kunne. In aka sauke da wuri ya ba da ruwan zuma, in aka ƙara ya yi ja, in aka bari daf da ƙonewa ya yi baƙi. Da wannan ta yi zanen, da alƙalamin kara da ɗan buroshi. Shi ne kuma ya ce a rataye takardar nesa da bango, a shafa wa zaren kananzir saboda kiyashi. Ita ta ce in ta gama akwai abin da ake fesawa a makarantarsu ya rufe zanen, ba abin da zai ƙara taɓa shi.

Yana faɗa tana zanawa. Hannun kakarmu tana matsar saƙar zuma. Hannun innarmu tana tace maɗin ɗinya. Hannun babanmu riƙe da takanɗa, wadda ita ce rakenmu kafin rake ya yawaita. Daga baya hannun mai shayi da ƙwayar suga, hannun yaro da kwalba, hannun malamar asibiti tana tsira allura a ɗan yatsa. Duk wanda ya gifta ta tsakar gida sai an kama shi an ari hannunsa. Wata rana ina tankaɗe a kusa na ji tana gaya masa abin da ta karanta, wai a zamanin da an kwashi baƙaƙen mutane irinmu an ƙetare teku da su, ba don komai ba sai don su sare wa waɗansu rake har su mutu a can. Sannan ya ɗaga hannunsa ya juya shi.

"Ashe ni rangwame aka yi mini," ya ce. "Sa hannun ɗayansu kusa da nawa. Abokin aiki ne."

Nasa hannun shi ya fi ba ta wahala. Kullum sai ya ce ba haka yake riƙe rake ba, ta ƙara. Ta shafa ta sake shafawa, ruwa kan ruwa, har wurin ya yi kauri yana ƙyalli. Ranar da ya ce "yauwa, ga shi nan", ta yi guɗa, ya ce ta rufe masa baki kada a ce ya ƙara aure.

To, mu koma makoki. Ranar sadakar uku, da aka watse, na kira yarinyar ɗakina.

"Ke, wa ya aike ki?"

"Shi ne, Gwaggo. Wata Juma'a na hango ki ta taga. Na ce masa zan gaya wa Umma, ya ce in na faɗa ya sake ni saki uku. Daga baya ya ce in dai labarin gaskiya nake zanawa, to hannun nan yana ciki. Amma in naɗe shi, don ke kina da zuciya."

Ba ta rufe baki ba uwarta ta ɗaga labule. Ba ta zauna ba.

"Gwaggo, shekara huɗu ina auna masa tuwo. Yana kallona kamar mai gadin kurkuku, ina haƙuri, ina cewa don ransa nake yi. Ashe ni aka bar wa ɗacin, ke kika ɗauki zaƙin."

Na ce, "Yayana ne tun ba a haifi uwarki ba."

Ta ce, "Haka ne, Gwaggo." Ta saki labule. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Mijinta da ya zo da yamma cewa ya yi, "Kwanansa ne ya ƙare, Gwaggo, a bar maganar." Amma tabarma yake kallo yana faɗa.

Na ji ana cewa bayan arba'in za a kai takardar Zariya, a rataye a wani babban zaure mutane su yi ta shiga suna kallo. Na ga hannuna a bangon garin mutane, da tabona, ana nunawa ana cewa ga wadda ta ba shi. Sai na ce wa yarinyar ta kawo in adana mata, ɗakin mamaci shiga da fita ya yi yawa. Ta naɗe ta ba ni da hannu biyu.

Shekara hamsin ina zagaye tiren alewa da toka saboda kiyashi. Ƙafafun teburina a cikin gwangwanayen ruwa suke. Ni ce nake koya wa matan unguwa yadda ake tsare zaƙi da damina. Na ɗauki takardar nan na tura ƙarƙashin gado, a kan ƙasa, na juya gefen da hannuna yake wajen ramin da na san suna fitowa. A lissafina za su fara da nawa, in sun gama in janye, in ce tsautsayi ne. Rana ta uku ina shara na ga layinsu. Na kewaye su da tsintsiya.

Rana ta tara da safe na jawo ta na shimfiɗa a tsakar ɗaki. Ga hannuna nan yadda yake, baƙi, da tabonsa, ko gefe ba su taɓa ba. Sun wuce shi sun shige ciki. Hannun kakarmu ya dusashe, na innarmu saura rabi. Na ci gaba da warwarewa ina salati. Da na zo tsakiya, wurin hannun Yaya, inda ruwan ya fi kauri, babu komai. Sun lashe shi tas, sai wani ɗan shata kamar inda aka zubar da shayi, takardar ta yi laushi ta huhhuje. Ranar da aka fita da gawarsa ban yi kuka a gaban mutane ba. Ranar nan na yi, har aka jiyo ni.

Yarinyar ce ta fara shigowa. Ta durƙusa a kan takardar ta daɗe.

"Naki da gawayi na yi, Gwaggo," ta ce. "Lokacin ruwan raken ya ƙare."

Can ta ɗago. "Kin sa toka?"

"Ban sa ba."

"Mantuwa kika yi?"

Na ga hanya a buɗe, in na ce e an wuce wurin. Sai na tuna mai tambayar ko an ji ta bakin mutum. Na ce, "Mai alewa ba ta mantuwar toka. Nawa na so su ci."

Ba ta yi mini rashin kunya ba. Cewa ta yi, "Ba ni da hotonsa. In na rufe ido ina ganin hannun, in na ɗauki alƙalami sai ya gudu. Ga shi damina ce, ba mai matsar rake."

Na tashi na ɗauko wani ɗan gwangwani mai murfi a cikin adakata. Gutsuren ranar Juma'ar nan ne. Na riga na ƙulle shi a bakin mayafi ina jiran maza su tafi masallaci, aka leƙo aka ce in zo Yaya ya cika. Ban iya ci ba, ban iya yarwa ba. Na ce ta hura murhu. Muka narka shi da ruwa kaɗan, na karkata kunne kamar yadda na ga yana yi tun ina kai fura. Da ta fara tari na ce a sauke. Sannan na miƙa mata hannuna na dama. Innarmu takan ce ni da Yaya hannunmu ɗaya, na babanmu muka ɗauko, faffaɗan tafi da gajerun yatsu. Na lanƙwashe manuni da na tsakiya, na riƙe muciya a madadin rake.

Yau kwana shida ke nan muna yi. Ta manna sabuwar takarda a bayan wurin da ya huje. Da hantsi ina faɗa tana rubuta wannan, don ita ce mai rubutun, da la'asar in zauna ta zana. Ruwan kaɗan ne, ba zai kai ya yi ƙyalli kamar na da ba, kuma ni da ita mun san hannun aro ne. Na ce mata in an kai Zariya kada ta naɗe ƙarshen, a bar shi a buɗe. Shekaranjiya muna cikin aiki uwarta ta zo da toka a kasko, ta zagaye tabarmar da takardar take kai, ta juya ta tafi. Ba ta dube ni ba. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ban kuma ce tana da laifi ba.

Ban sani ba ko gutsuren nan ne ya rage masa kwana, ko shi ne ya sa kwanakin suka zaunu. Na tambayi kaina ta kowace fuska ban samu amsa ba, kuma wanda zai ce mini a ɗanɗana tukuna ya tafi. Duk wanda ya taɓa cin ƙanzon kaskonsa yana goye a bayan uwa, duk wanda ya ƙirga yatsunsa a masallaci, ya yi masa addu'a. Allah ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi abin da ba likitan da zai hana. In kun gama tasa, ku ɗan sa ni a ciki.

La'asar ta yi, ta ajiye biro ta ɗauko alƙalamin kara. Yatsun nan biyu suna yi mini tsami in sun daɗe a lanƙwashe, tsufa ne. In na ɗan saki sai ta ce, "Gwaggo, ba haka yake riƙewa ba." Sai in mayar.